Kalmar "But" da Darasin da Ta Koya Mini

A shekarar da na fara koyarwa, na ba ɗalibai jimlar "Nobody came but Audu" su fassara. Kusan dukkansu suka rubuta: "Babu wanda ya zo amma Audu." Na ɗauki jan biro zan soke, sai na tuna ni ne na koya musu cewa "but" tana nufin "amma", ban ƙara komai ba. Laifin nawa ne.

Asalin kalmar shi ya warware mini matsalar. A Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin wajejen 1100, siffarta ita ce "butan", daga "be" da "utan", wato "a waje". 'Yar'uwarta ta harshen Holanci, "buiten", har yau "waje" take nufi. Abin da ke waje kuwa an ware shi ke nan, daga nan ma'anar "sai" ko "ban da" ta samu. Ma'anar "amma" daga baya ta bunƙasa. Akwai kuma ta uku: "he is but a child", wato "yaro ne kawai".

Ita ma "amma" ɗin baƙuwa ce, daga Larabci muka aro ta, inda take nufin "game da".

Saboda haka, ya kai malamin gobe, kada ka ba ɗalibi kalma da ma'ana guda tilo. Ba shi ita cikin jimloli uku. Daidai fassarar ita ce: "Babu wanda ya zo sai Audu."