Ni na sa aka zuba kanwar

Sunansa farin kabeji, amma wanda na noma bara a lambuna na gefen dam ɗin Ayuba a Kazaure ba fari ba ne. Shunayya ne, kamar an tsamo shi daga marina. Wani abokina mai sarin kayan gwari a Jos ne ya kawo mini irin, wanda aka daɗe ana nomawa a tsibirin Sisili na Italiya.

Wajen noma kam ban yi sake ba. Shuka ce mai son sanyi, kanta ya fi ɗauruwa idan ma'aunin zafi yana tsakanin 15 da 20, mu kuwa sai da hunturu muke ɗanɗanar haka. Saboda haka na yi reno a Oktoba, na dasa a Nuwamba, na yi ta korar tsutsa da ruwan ganyen darbejiya. Farin akan rufe masa kai da ganyensa don kada rana ta sa shi rawaya, wannan kuwa ranar ce ke ƙara masa launi, sai na bar shi a buɗe. Ƙarshen Janairu kawuna suka cika.

Daga nan kaina ya kumbura. Na gayyato yayana daga Roni da surukina daga Gwiwa, har da wani aboki daga Babura, su zo su ga abin mamaki. Maiɗakina ta ɗauko madambaci za ta turara, ni kuma na leƙa madafa ina gaggawa, na ce a dafa a ruwa, a jefa kanwa kamar wake don ya yi saurin laushi.

"Malam, ka ga yadda kanwa ke yi wa zoɓo kuwa?"

"Ke dai zuba. Ni na noma abina."

Ta zuba. Abin da aka kawo gaban baƙi ba kore ba ne, ba toka ba ne, ya dagargaje, sai ka ce ruwan wanke-wanke. Yaya ya juya cokali ya ce, "Amarya, yau hannu ya kuskure ke nan?" Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi gum. Wannan shirun ya fi kanwar muni, domin na bar ta ta ɗauki laifin da na san nawa ne.

Daga baya na bincika. Sinadarin da ke rina kabejin, antosiyanin, shi ne ke cikin zoɓon da Jigawa ke nomawa ana kaiwa har Meziko. Yana narkewa a ruwa, tsami na mayar da shi ja, kanwa kuma ta juya shi shuɗi zuwa kore. Ita ba ta san sunan ba, amma shekara nawa tana haɗa zoɓo?

Washegari na ba ta haƙuri. Ba ta tanka ba. Ta yanka kan da ya rage, ta turara shi minti 5, ta soya sama-sama da albasa da man gyaɗa, ta matsa lemon tsami. Nan take ya yi jajur yana ƙyalli. Na zuba a kwano, na hau babur sai Roni.

"Yaya, na jiya ni na sa aka zuba kanwa."

Ya kai loma, ya tauna a tsanake. "Ai na sani," ya ce. "Jira nake in ga ko za ka faɗa."