Kakana, Ƙwallon Lambu da Manaja

Jama'a da yawa sun ɗauka ƙwallon lambu, wato golf, wasan masu hannu da shuni ne kurum. Gaskiya ne, amma a bayan kowane mai bugu akwai talaka riƙe da jaka. Kakana yana cikin waɗannan.

A filin Rayfield na Jos ya fara, filin da aka kafa a 1913, zamanin Turawan haƙar kuza. Tun yana yaro yake saɓa jaka mai sanda 14, ya bi maigida rami 18, rana ko hazo. A lokacin ba ciyawa ke kewaye da rami ba, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, sai an share kafin a buga. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya buɗe ɗan shago yana gyaran sanduna, yana sayar da ƙwallayen da yara suka tsinto a kududdufi. Da wannan aka biya wa mahaifina kuɗin makaranta.

A shagon nan akwai wani farin muzuru, sunansa Manaja, domin ba ya taɓa aiki, sai dai ya hau benci ya zuba wa masu yi ido. Barcinsa cikin tsohuwar jaka. In ƙwallo ta faɗi, ya bi ta har ƙarƙashin kanta. Kaka yakan ce mini, "Kai ɗan nema, dubi Manaja, ya fi ka iya bin ƙwallo!" Da yamma tsofaffin 'yan jaka, Hausawa da Birom da Ngas, sukan taru a ƙofar shagon, ana shayi ana gardamar wanda ya fi sanin iskar filin. Kowa da ɗan ƙashin kifin da ya ɓoyo wa Manaja.

Bayan rikicin Jos na 2010 mutane suka ja jiki, kowa ya tsaya unguwarsu. Zaman yamma ya mutu, ciniki ya bi shi. Kaka ya rufe shago, muka dawo da Manaja gida, amma bai daɗe ba. Kaka ma ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Tarihin filin yana rubuce. Na masu ɗaukar jaka kuwa yana bakin tsofaffi, suna ta ƙarewa. 'Yan'uwa ɗalibai, in hutu ya zo, a zauna da su, a riƙi alƙalami tun da sauran dama.