Baba Mai Keke

Mu 'yan Sabo, Ibadan, da jin ƙararrawar kekensa muka yi wayo. Tsohon Raleigh ne baƙi, kullum da kwali ɗaure a kariya. Da safe Baba ya tafi Bodija yi wa matan gida cefane, ya biyo ta kemis ya karɓo wa maƙwabci maganin hawan jini. Tudun Mokola kuwa yanzu sauka yake ya tura, gwiwa ta fara gardama.

Mukan tsokane shi: "Baba, a koma okada mana!" Sai ya ce nasa dokin ba ya shan fetur.

Daren da naƙuda ta kama 'yar ƙanensa, wajen ƙarfe 2, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ba okada ko ɗaya, wayar direban da muka sani a kashe. Muna tsaye muna ta shawara, ashe Baba ya naɗe ƙafar wando ya fice. Har gareji ya taka, ya taso mai Micra daga barci, ya shigo gaba da tocila, motar na bin sa lungu-lungu. Kafin asuba ta sauka lafiya, an samu mace.

Ya haura shekara 70. Ranar suna ma shi muka aika sayen goro.