Ƙasa a Cikin Kwalba

Montgomery, Alabama

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin tambaye ni me ya hana ni kiranki ranar Asabar. Zaman makoki na je, Yaya, na mutumin da aka kashe tun kafin a haifi kakanmu.

A garin nan akwai wani wurin tunawa a kan tudu, wanda ƙungiyar lauya Bryan Stevenson ta buɗe a watan Afrilun 2018. Ƙungiyar ta tattara labarin baƙaƙen fata sama da 4,400 da gungun fararen fata suka yi wa kisan gilla ba tare da shari'a ba, daga 1877 zuwa 1950. Kina shiga za ki fara cin karo da mutum-mutumin bayi ɗaure da sarƙa, har da uwa rungume da jaririnta, aikin Kwame Akoto-Bamfo ɗan Ghana. Gaba kaɗan sai ginshiƙan ƙarfe fiye da 800 masu launin tsatsa, kowace gunduma da nata, an zana sunayen waɗanda aka kashe a cikinta. Da farko suna daidai fuskarki. Amma daɓen gangara ne, kina tafiya suna yin sama, har ki ga sai kin ɗaga kai kafin ki karanta suna, suna rataye a kanki kamar yadda aka rataye mutanen. A nan gwiwoyina suka yi sanyi. Wasu ma ba suna, an dai rubuta cewa ba a san ko wane ne ba.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ke kawo min ganye daga lambunta, ita ce ta ce in raka su ɗebo ƙasa ranar Asabar ɗin. Mutanen unguwa kan je daidai inda aka yi kisan su ɗebo ƙasar wurin a kwalba, a rubuta suna da rana, a kai gidan tarihin ƙungiyar inda ɗaruruwan kwalabe ke jere a bango. Wata ƙasar ja ce kamar ta Kano, wata baƙa, wata yashi.

Mun kai mu arba'in a bakin wata hanya, inda aka kashe mutumin. Fasto ya yi addu'a, wata 'yar sakandare ta karanta rubutun da ta shiga gasa da shi, sannan aka riƙa miƙa ƙaramin cebur hannu zuwa hannu. Na ja da baya, ina ganin ni baƙuwa ce, wannan ba gadona ba ne. Dattijuwar ta kama hannuna ta ɗora min ceburin. Ƙasar da ɗumi, da 'yan saiwoyi a ciki. Akwai fararen fata a cikinmu, wani tsoho yana ta share hawaye da bayan hannu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da yawa daga cikin mutanen nan ba a yi musu sutura yadda ta kamata ba, ba a zauna karɓar gaisuwa ba. Dangi da dare suke tattara kaya su gudu Chicago ko Detroit don tsira da rai. Ki tuna rasuwar Baba, yadda zaure ya cika har kwana bakwai, ana kawo kunu da goro. Su an hana su ko wannan.

Bayan an rufe kwalbar muka koma coci aka ci abinci. Na riƙe hannun dattijuwar na yi mata gaisuwa irin tamu, na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta sa na maimaita mata da Hausa har sau biyu.

Ki gaida kowa da kowa. Zan kira ranar Juma'a in sha Allahu.

Ƙanwarki