Mutum 22, wuri 15: yadda muke raba juyi a klan ɗinmu

Yau maganata a kan wasan telefon take, kuma na san wasu dattawa har sun fara taɓe baki. Ku ɗan yi haƙuri da ni. Duk wanda ya taɓa riƙe adashe, ko ya shugabanci fada, ko ya zaɓi ƴan ƙwallon unguwa, ya san ciwon kan da zan faɗa: mutane sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan, kuma kowa naka ne.

Wasan shi ne Clash of Clans, na kamfanin Supercell na ƙasar Finlan, wanda ya fito a 2012. Kowa yana gina garinsa, ya tara mayaƙa, ya shiga ƙungiya da ake kira klan. Klan ɗaya ba ta wuce mutum 50. Ni ne shef na tamu, mu 22 ne masu wasa da gaske: akwai ɗan kabu-kabu a Maraɗi, tela a Damagaram, ɗalibai biyu a Yamai, malamin lekol a Tawa, da ƴan ci-rani a Libiya da Abijan. Wasunmu ba mu taɓa haɗa ido ba.

A farkon kowane wata ake lig. Ana haɗa klan 8 a rukuni ɗaya, kwana 7 ana yaƙi, kowace rana da abokiyar karawa daban. Mu muna shiga na mutum 15, kuma kowane mutum hari ɗaya tak gare shi a rana. Hari mafi kyau tauraro 3 yake kawowa. Klan ɗin da ta ci yaƙin ranar ana ƙara mata tauraro 10 a lissafin rukuni. Na sama su hau, na ƙasa su sauka. Ke nan idan mutum guda ya yi barci bai kai harinsa ba, yana iya jawo mana asarar tauraro 13.

Ga inda rigimar take. A ƙarshen lig ana raba lambobin da ake sayen kayan gina gari da su. Wanda sunansa kawai ke cikin jerin yana samun kashi 20 cikin 100 na rabo, kowane tauraro ya ƙara masa kashi 10, sai ya kai tauraro 8 kafin ya samu cikakke. Wanda aka ajiye a benci har kwana bakwai, garinsa ba zai girma ba. Wata mai zuwa a sake cewa ba shi da ƙarfi, a sake ajiye shi. Haka ake kashe wa mutum gwiwa har ya fice ba sallama.

Masu ƙarfi kuma suna da hujjarsu. Su suka kwana suna kashe forfe, garuruwansu ne ke tare hare-haren manya, kuma ba su son a sauko da mu saboda kunyar wani.

Tsarin da muka tsayar shi ne wannan. Wuri 15 sau kwana 7, hari 105 ke nan. Mutum 8 mafi ƙarfi suna shiga kullum, sun ɗauki 56. Sauran wuri 7 na mutum 14 ne, mun raba su gida biyu. Kashi na farko ya shiga rana ta 1, 3, 5 da 7, na biyu ya shiga ta 2, 4 da 6. Wata mai zuwa a juya. Da yake kwana uku da wuya su ba mutum tauraro 8, kyautar ƙari da wasan ke ba shef ya raba, masu kwana uku da ba su fasa hari ba su ake fara ba. Kuma idan babba ya cika takwas ɗinsa da wuri, ranar da za mu kara da klan marar ƙarfi yakan ce a ba ƙarami wurinsa. Ba dole ba ne, amma ana tunawa da wanda ya yi.

Sai dokar fashi. Mun san ƙasarmu: lokacin zafi kuran na iya tafiya tun azahar, rezo na iya ɓacewa, telefon ya mutu ba wurin sharji. Don haka ba mu hukunta uzuri, shiru muke hukuntawa. Ka tura vokal a WhatsApp kafin yaƙin ya fara, a sa wani, ba laifi. Ka yi shiru ka ƙi kai hari, gobe kana benci. Ka sake, sai wata mai zuwa. Masu jarrabawar BEPC da BAC hutu dole muke ba su, amma sunansu na nan cikin jerin don su samu kashi 20 ɗinsu. Haka wanda ya koma ƙauye shuka da damina. Ba mu yarda kuma wani ya karɓi kwant na wani ya yi masa wasa ba: dokar kamfanin ta hana, kuma ranar da aka ɓata, kwant ɗin ne abin faɗa na farko.

Dokar ta taɓa faɗawa kan wanda muka kafa klan tare, ya girme ni da shekara huɗu, yana cikin takwas na sama. Ya fasa hari sau biyu ba labari, na sa wani ɗan shekara goma sha tara a wurinsa. Da dare ya kira ni.

"Ƙanena, ni za ka aje? Mi na yi maka?"

Na ce, "Yaya, ba ka yi mini komai ba. Amma watan jiya yaron nan ya zauna benci a kan irin wannan, bai ce uffan ba. In na tsallake ka, da wane bakin zan sake yi masa magana?"

Ya kashe waya. Kwana huɗu bai leƙo ba. Rana ta biyar sai ga vokal ɗinsa a cikin grup, yana nuna wa yaron ta wane gefe zai shigar da mayaƙa. Daga baya muka ji cewa mahaifiyarsa ce ba lafiya, ya ga kamar ba maganar da za a kawo wurin wasa ba ce. Muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, jaka-jaka, muka tura masa. Tun daga nan, kafin benci na biyu, sai mataimakina ya kira mutum ya tambayi lafiyar gida.

Kora kuwa abu biyu ne kawai ke kawo ta: zagin iyaye, ko wata uku ba motsi ba amsa saƙo. Rashin ƙwarewa ba ya cikin lissafi, domin ita ana koyonta.

Ba mu hau kowane wata ba, akwai lokacin da juyin nan ya sa muka tsaya inda muke. Amma mutanen da muka fara da su yawancinsu suna nan. Ku da ke riƙe da ekip a Free Fire ko PUBG, inda wurin mutum 4 ne kacal, yaya kuke yi da na biyar? Ku faɗa mini, ina saurare. A gaida gida.