Muryar da ta bar mutum uku a baya

Mu huɗu ne a da. Ɗaki ɗaya muka kama a Kano, teburi biyu, fanka mai kuka, da batirin sola da ba ya kai mu asuba. A nan muke rubuta manhaja wa masu shaguna da makarantu. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman kuskure guda a cikin layi dubu ya san shiru ba ya taimako, sai an sami abin da zai hana ido rufewa. Abin da ya hana namu rufewa tun 2021 shi ne Måneskin.

A TikTok muka fara cin karo da su, lokacin da "Beggin'" ta cika ko'ina. Daga baya muka bi sawu: yara huɗu ne 'yan birnin Rum da suka haɗu a 2016, suna kiɗa a bakin titin Via del Corso. Damiano David ke waƙa, Victoria De Angelis na riƙe da jita mai kaurin murya, Thomas Raggi da ɗaya jitar, Ethan Torchio a kan ganguna. Sun zo na biyu a gasar X Factor ta Italiya a 2017, suka ci Sanremo a 2021, suka wuce Rotterdam suka ɗauke Eurovision da "Zitti e buoni", abin da Italiya ta rabu da gani tun 1990. Ba ma jin Italiyanci ko kalma goma. Amma su huɗu, mu huɗu, sai muka raba wa kanmu matsayi cikin raha. Babu gardama a kan wane ne Damiano: abokinmu mai baki, wanda ke zuwa gaban masu ba da aiki ya sayar musu da abin da ko rabinsa ba mu gama ba.

A farkon 2025 ya ce mana ya sami aiki da wani kamfani na waje, daga gida zai riƙa yi, da dala za a biya shi. Muka ce Allah Ya sanya alheri, muka ci tsire tare. Abin da ke cikinmu kuwa daban. Kwangila biyu suka suɓuce mana a watannin da suka biyo baya, domin mu ukun da muka rage mun iya gina abu, ba mu iya tallarsa ba.

Ranar Juma'a 16 ga Mayu, 2025, bayan an sauko daga masallaci, sai ga saƙonsa a zaurenmu na WhatsApp, wanda ya yi wata biyu bai ce uffan a ciki ba. Mahaɗi ne kawai zuwa "Funny Little Fears", kundin farko da Damiano ya fitar shi kaɗai. Ko kalma bai ƙara ba.

Da fushi muka saurara, gaskiya ke nan. Waƙa 14, duk da Turanci, babu Italiyanci ko ɗaya. Hayaniyar jitar nan da muka saba ta janye, fiyano da tattausan kiɗa sun maye gurbinta. "Silverlines", wadda Labrinth ya tsara kiɗanta, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya. "Born with a Broken Heart" kuwa kiɗan rawa ne mai sheƙi, irin wanda kowane gidan rediyo zai karɓa hannu bibbiyu. Ƙaraminmu ya cire abin kunnensa ya ce, "Yaya, wannan ai an goge masa murya da sabulu." Muka yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Har yau muna nan a kan cewa kundin bai kai ƙarfin ayyukan ƙungiyar ba. Akwai waƙoƙin tsakiya da idan aka sa wani mawaƙin Amurka ya rera su, ba za mu lura an canja mutum ba. Muna kewar jitar Victoria, wadda ita ma ta kama nata aikin na haɗa kiɗa a wuraren rawa. Sai dai a saurare na uku ko na huɗu, dare ya yi nisa, "Next Summer" na tafiya, muka ga abin da fushi ya rufe mana. Mutumin da muka sani yana tsalle a dandamali ba riga, kamar ba abin da ke razana shi a duniya, ya zauna ya yi kundi guda a kan tsoro: tsoron kaɗaici, tsoron a ƙi shi, tsoron kada ya zama ba kowa ba idan an kashe fitilu. Yana da shekara 26 lokacin.

Shekara huɗu muna tura abokinmu gaba ya sha zafin masu bashi da masu canja magana, mu muna bayan allo. Mahaifinsa ya kwanta jinya a 2024, mun je dubiya sau ɗaya. Ba mu taɓa tambayarsa yadda yake biyan kuɗin magani daga ɗan abin da muke rabawa ba. Mun ɗauka mai baki ba ya rasa mafita.

A aikinmu, idan mutum zai gwada sabon abu, reshe yake cirewa daga uwar manhajar ya yi ta aikinsa a gefe. Wani reshen a dawo da shi a haɗe, wani kuma ya tafi ke nan. Damiano ya sha faɗa cewa ƙungiyarsu ba ta watse ba, hutu ne. Namu abokin bai yi mana alƙawarin komai ba.

Tun tafiyarsa akwai aiki ɗaya da ke jiranmu: cire sunansa daga jerin masu izinin shiga rumbun manhajarmu. Minti ɗaya ya isa. A daren nan muka buɗe shafin, muka dubi sunan, muka rufe. Sannan babbanmu ya ɗauki waya ya amsa masa a zaure: "Mun ji. Ta biyu ta fi daɗi. Ya jikin Baba?"