Wa ya fara karɓar allurar nan kafin ni?

Duk ƙwayar maganin da muke saya a kemis, da duk allurar rigakafin da aka taɓa yi mana, akwai mutumin da aka fara gwada ta a jikinsa. Galibi wannan mutumin lafiyarsa ƙalau. Ba ciwo ne ya kai shi asibiti ba, shi ya kai kansa. Tun da na san haka nake kallon katin rigakafina da wani ido daban.

Bayan an gama binciken sabon magani a ɗakin gwaje-gwaje da kuma jikin dabbobi, sai a shiga mataki na farko na gwaji a kan mutane. Akan ɗauki lafiyayyu kimanin 20 zuwa 100, a ba su ɗan kaɗan, ana auna jininsu da bugun zuciya da aikin hanta da ƙoda. Abin da ake nema a nan shi ne a san ko maganin na cutarwa, da yawan da jiki zai iya ɗauka. Sai mataki na biyu mai ɗaruruwan mutane, sannan na uku mai dubbai.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na sanƙarau. Ina da ɗan uwa da wannan ciwo ya kama yana ƙarami. Ya rayu, amma kunnensa ya tafi, har yau da hannu muke hira. A annobar 1996 zuwa 1997, sama da mutum 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Daga baya aka samar da rigakafin MenAfriVac. A 2005 aka fara gwada shi a Indiya, a jikin lafiyayyun manya 'yan shekara 18 zuwa 35, sannan aka ci gaba a Mali da Gambiya. A Disambar 2010 aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011. Yanzu nau'in sanƙarau na A ya kusa ɓacewa a ƙasashen da aka yi allurar. Waɗancan matasan Indiya ba su san Kano ko Maraɗi ba, amma sun miƙa damtsensu, mu muka ci moriya.

Duk da haka, idan aka ambaci gwajin magani a gidanmu, manya kan ɓata fuska, kuma suna da dalili. A 1996 ɗin nan, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa da yara kimanin 200 masu sanƙarau. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan Dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Lafiyayyu ma ba su tsira daga haɗari ba. A 2006 a Landan, samari shida da aka yi wa allurar wani sabon magani mai suna TGN1412 sun kusa rasa rai, gaɓoɓin cikinsu suka daina aiki. An yi musu allurar kusan a jere, mintuna kaɗan tsakani. Daga nan aka tsaurara ƙa'ida: a fara da mutum ɗaya, a jira a ga yadda jikinsa ya yi kafin na gaba.

To ni, zan yarda a gwada magani a jikina? Zan iya, amma sai na ji amsar tambayoyina. Wa ya amince da gwajin? A Najeriya sai da izinin NAFDAC da na kwamitin kula da ɗa'ar bincike. Me aka gani a jikin dabbobi? In na sami illa, wa zai biya kuɗin jinyata? Sai an yi mini bayani da harshen da nake ji, a bar ni in kai takardar gida in yi shawara. Ina kuma da 'yancin fita duk ranar da na ga dama. Tun 1947 ƙa'idar Nuremberg ta ce yardar mutum, ba tare da tilas ba, ita ce sharaɗin farko.

Ku da ba ku kai shekara 18 ba, ba a sa ku a gwaji sai da yardar iyaye, da taku. Amma gobe wasunku za su je jami'a, a gida ko a waje, su ga tallan neman masu sa kai da alƙawarin kuɗi. Kuɗin ladan lokacinku ne kawai. Duk wanda ya sa shi gaba ya ɓoye haɗarin, ku guje shi. Wasunku kuma su ne likitoci da masu haɗa magunguna da za su riƙe takardar neman yardar. Ranar da ta zo hannunku, ku karanta wa mutum ita har ƙarshe, ku ba shi lokaci ya ce a'a.